Dalilan da suka sa ƙananan jiragen sama na farko ke faɗuwa a lokacin sauka

Daga shekarar 1903, lokacin da 'yan'uwan nan biyu, Orville da Wilbur Wright, suka fara tashi da jirgi mai inji a jihar North Carolina ta Amurka, zuwa ƙarshen shekarun 1930, ƙananan jiragen sama na masu zaman kansu sun sha faɗuwa. Da yawa daga cikin haɗurran sun auku ne a mintunan ƙarshe na tafiya, sa'ad da matuƙi ya riga ya hango fili yana shirin taɓa ƙasa. Ko a ranar farko, wato 17 ga Disamba, 1903, tashi na huɗu da Wilbur ya yi, mai tsawon mita 260, ya ƙare ne da dirar da ta karya wani sashe na gaban jirgin.

A wancan zamani an fi jingina irin waɗannan haɗurra ga rashin sa'a ko gangancin matuƙi. Sai dai bin diddigin su ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa dalilai ƙalilan ne ke maimaita kansu, kuma kowannensu yana da magani. Mutuwa ta fara raguwa ne a lokacin da injiniyoyi da hukumomi suka koma tambayar yadda abin ya faru, maimakon tsayawa kan wanda za a ɗora wa laifi.

Abin da ya sa sauka ta fi tashi wuya

Abubuwa biyu ne ke kare jirgi a sararin sama, wato gudu da tsayi. Gudu ne ke sa iska ta bi ta saman fiffike da ƙasansa har ta ɗaga jirgin. Tsayi kuwa shi ke bai wa matuƙi lokacin gyara kuskure kafin ya kai ƙasa. Sauka tana tilasta masa ya rabu da su duka biyu a lokaci guda, domin dole ne ya rage gudu, dole ne kuma ya kusanci ƙasa.

A jiragen farko tazarar da ke tsakanin gudu mafi girma da gudun da jirgi ke faɗuwa ba ta da yawa. Jirgin Curtiss JN-4, wanda aka fi sani da Jenny, ba ya wuce kimanin kilomita 120 a sa'a, kuma yana sauka ne a kan kimanin kilomita 70. Wanda ya zo da gudu fiye da kima zai zarce fili ya afka wa shinge ko bishiya. Wanda ya rage fiye da kima kuma jirgin zai suɓuce masa tun bai iso ba. Gaba kura ce, baya sayaki.

Sarewar fiffike da juyin katantanwa

Idan gudu ya ragu, matuƙi kan ɗaga hancin jirgi don fiffike ya ci gaba da ɗaukar nauyi. Wannan dabara tana da iyaka. Da zarar kusurwar da fiffike ke fuskantar iska da ita ta wuce kimanin digiri 15, iskar da ke bin samansa takan tarwatse, ƙarfin ɗagawa ya ragu farat ɗaya, hancin jirgi ya rufta ƙasa. Wannan ita ce sarewar fiffike, kuma ita ce ta yi ajalin Bajamushe Otto Lilienthal a watan Agustan 1896, a cikin jirginsa marar inji.

Hatsarin ya fi tsanani a kwanar ƙarshe, lokacin da matuƙi ke karkatowa don ya fuskanci filin sauka. Jirgin da ya karkata yana buƙatar ƙarin gudu kafin ya riƙe kansa, kuma idan karkatar ta kai digiri 60, gudun da ake buƙata yakan ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. Idan fiffike ɗaya ya riga ɗaya sarewa, jirgin yakan kifa hanci ya shiga wulwulawa kamar katantanwa. Abin da zuciya ke raya wa matuƙi a wannan hali shi ne ya ja sandar tuƙi baya don ya ɗaga hanci, alhali yin haka ƙara dulmiya shi yake yi.

An daɗe ana ɗaukar wannan juyi a matsayin ajali. A ranar 25 ga Agusta, 1912, wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Wilfred Parke, yana gangarowa don sauka a Larkhill sai jirginsa ya shiga juyin. Bayan dabarun da ya sani sun ƙi aiki, sai ya karkata jelar jirgin zuwa ɓangaren da ke kishiyantar juyin, jirgin ya miƙe ana saura kimanin mita 15 ya kai ƙasa. Sai a 1917 ne masanin kimiyya Frederick Lindemann ya yi cikakken nazarin lamarin a cibiyar Farnborough, daga nan aka fara koyar da hanyar kuɓuta a makarantun tuƙi. Duk da haka dabarar tana buƙatar tsayi, abin da mai sauka ba shi da shi.

Katako, yadi da waya

Jiragen farko an haɗa su ne da katako, aka lulluɓe da yadi, aka ɗaure da wayoyin ƙarfe. Masu ƙira ba su da cikakken lissafin nauyin da ke hawa kan fiffike idan jirgi ya gangaro da sauri sannan aka ɗaga hancinsa kwatsam, wanda kuwa shi ne abin da ke faruwa gab da sauka.

A ranar 12 ga Yuli, 1910, Charles Rolls, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin motocin Rolls-Royce, ya shiga gasar sauka kusa da wata alama a Bournemouth da ke kudancin Ingila. Ya gangaro da jirginsa ƙirar Wright, yana ƙoƙarin daidaita shi sai jelar ta karye, jirgin ya faɗi a gaban 'yan kallo. Ya mutu yana da shekara 32, kuma shi ne ɗan Birtaniya na farko da ya mutu a hatsarin jirgi mai inji.

Bayan wata biyu, a ranar 23 ga Satumba, Jorge Chávez, matashi ɗan ƙasar Peru mai shekara 23, ya zama mutum na farko da ya ƙetare tsaunukan Alps da jirgi, daga Brig a Suwizalan zuwa Domodossola a Italiya. Ya tsallake duwatsu da iskar da ke kaɗawa a tsakaninsu, amma da ya rage 'yan mitoci ya taɓa ƙasa sai fukafukan jirginsa ƙirar Blériot XI suka naɗe. Ya mutu bayan kwana huɗu. Sunansa ne aka sa wa babban filin jirgin saman birnin Lima.

A farkon 1912, Louis Blériot da kansa ya bayyana wa hukumomin Faransa cewa wayoyin da ke riƙe fiffike daga sama ba su da ƙarfin da ya kamata, domin an ƙera su ne bisa zaton cewa iska daga ƙasa kawai take turo fiffike. Rundunar sojan Faransa ta dakatar da jirage masu fiffike hawa ɗaya na ɗan lokaci don a ƙarfafa su, Birtaniya ma ta ɗauki irin wannan mataki a watan Satumban shekarar bayan wasu haɗurra.

Injin da ba ya jin rarrashi

Sauka mai kyau tana buƙatar a rage ƙarfin inji sannu a hankali, a kuma iya ƙara shi nan take idan an ga za a gaza kai wa fili. Injin Gnome na Faransa, wanda ya yi tashe daga 1909, ba ya ba da wannan dama yadda ya kamata. Irinsa ne wanda gangar jikin injin gaba ɗaya ke juyawa tare da farfela, kuma totur ɗinsa ba ya rage gudu sosai. Don haka aka sa wani maɓalli a kan sandar tuƙi, wanda matuƙi ke dannawa ya yanke wutar inji, ya saki ta dawo, yana yi yana maimaitawa har ya sauka.

Idan ya daɗe yana danne da maɓallin, fetur da man zurma da ake shafe injin da shi sukan jiƙa fulogi, injin ya ƙi tashi a daidai lokacin da ake neman sa. Man da ya taru kuma yana iya kamawa da wuta. Ban da haka, nauyin injin da ke juyawa yakan fizgi jirgin gefe guda duk lokacin da wutar ta dawo.

Mutuwar inji a sama kuwa ruwan dare ce, kuma kowace mutuwar inji na nufin saukar dole a duk inda aka samu kai. Calbraith Rodgers, wanda ya fara ratsa Amurka da jirgi daga New York zuwa Pasadena tsakanin 17 ga Satumba da 5 ga Nuwamba, 1911, ya faɗi fiye da sau goma a hanya. Jirgin ƙasa ne ke biye da shi ɗauke da kayan gyara, kuma kafin ya isa an sauya kusan dukkan sassan jirginsa.

Ƙafafu marasa birki, filaye marasa tabbas

Yawancin ƙananan jirage na lokacin tayoyi biyu gare su a gaba, sai wata sanda mai lanƙwasa a ƙarƙashin jela wadda ke jan ƙasa. Babu birki, sandar ce ke rage gudu idan ta kama ciyawa. Tun da yake cibiyar nauyin jirgin tana bayan tayoyin, da zarar ya ɗan karkace a guje sai jela ta nemi wuce hanci, jirgin ya juya a wuri guda, fiffike ya daki ƙasa ko ƙafa ta karye. Idan kuma tayoyin suka faɗa rami ko laka, jirgin yakan dungura ya kife.

A jiragen da injinsu ke bayan matuƙi, dungurawa na nufin injin ya taho kansa. Haka ta faru da hafsan Faransa Ferdinand Ferber a Boulogne ranar 22 ga Satumba, 1909, lokacin da jirginsa ƙirar Voisin ya ci karo da rami a ƙasa ya kife, injin ya danne shi.

Filayen sauka su ma gonaki ne, da makiyaya, da filayen sukuwa da na ƙwallo. Ko jirage uku na sojan saman Birtaniya da suka iso Kano daga Masar a ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a filin wasan dawakai suka sauka. Daga sama kuwa ido yakan yi wa rogo kallon kitse. John Alcock da Arthur Brown, bayan sun ƙetare tekun Atlantika ba tare da yada zango ba, sun hango wani fili kore shar kusa da Clifden a ƙasar Ailan ranar 15 ga Yuni, 1919, suka sauka, ashe fadama ce, jirgin ya kafa hanci a laka.

Amy Johnson, 'yar Birtaniyar da ta tashi ita kaɗai daga Croydon ranar 5 ga Mayu, 1930, ta isa Darwin a Ostireliya ranar 24 ga watan, sau biyu tana gamuwa da wannan matsala a ƙaramin jirginta ƙirar Gipsy Moth. A Insein kusa da Rangoon, cikin ruwan sama, ta sauka a wani ƙaramin filin wasa maimakon filin sukuwar da take nema, jirgin ya faɗa kwalbati ya lalata fiffike da farfela. A Brisbane kuma ta zarce fili, ta daki shinge, jirgin ya kife. Duka biyun ta fita da ranta.

Iska, zafi da hazo

Jirgi marar nauyi mai tafiya a hankali abin wasan iska ne. Guguwa mai gudun kilomita 20 a sa'a tana iya ɗaga fiffike ɗaya ko ta janye wa jirgi iskar da yake dogara da ita. Wanda ya sauka iska na bayansa zai taɓa ƙasa da gudun da ya fi ƙarfin filin, wanda ta buge shi daga gefe kuma za ta ture shi daga hanya. Wannan ne ya sa filayen jiragen farko suka kasance faffaɗan dandali, don matuƙi ya fuskanci iska ko daga ina ta taso. Shi kansa Blériot, da ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila ranar 25 ga Yuli, 1909, iskar da ke kaɗawa kusa da Dover ta sa ya dira da ƙarfi har ƙafafun jirgin da farfela suka lalace.

A wurare masu tudu da zafi iska ba ta da kauri, saboda haka jirgi yakan taɓa ƙasa da gudu fiye da yadda matuƙin da ya saba da Turai yake tsammani. Matuƙan da suka ratsa gabashin Afirka a shekarun 1920 sun ɗanɗana wannan. A Tabora da ke Tanzaniya ta yau, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, jirgin Mary Bailey ya kife wajen sauka a 1928 a kan hanyarta ta zuwa Cape Town, sai da aka kawo mata wani ta ƙarasa.

Hazo ya fi su duka muni, domin matuƙin da ba ya ganin ƙasa ba ya sanin ko a miƙe yake ko a karkace, kuma ma'aunin tsayi na lokacin ba shi da daidaiton da za a dogara da shi kusa da ƙasa. Alcock ya mutu cikin hazo kusa da Rouen a Faransa ranar 18 ga Disamba, 1919, wata shida bayan nasararsa.

Rashin ɗamara

Haɗurra da dama da za a iya tsira daga gare su sun zama ajali ne saboda babu abin da ke riƙe matuƙi a kujera. Wasu matuƙa sun ƙi ɗaura ɗamara da gangan, bisa imanin cewa gara jirgi ya jefar da mutum da ya maƙale a ciki wuta ta ci shi ko inji ya danne shi. A ranar 31 ga Disamba, 1910, Ba'amurke John Moisant yana shirin sauka kusa da New Orleans sai iska ta tunkuɗa jelar jirginsa sama, ya wuntsulo daga kujera ya karya wuya. A ranar 1 ga Yuli, 1912, Harriet Quimby, mace ta farko da ta samu lasisin tuƙin jirgi a Amurka, ta faɗo daga jirginta tare da fasinjanta a kusa da Boston, jirgin kuma ya gangara shi kaɗai ya faɗa cikin ruwa marar zurfi.

Koyo a kan rai

A makarantun Faransa na farko ɗalibi shi kaɗai yake shiga jirgi. Yakan fara da wani mai guntayen fukafukai da ba ya iya tashi, ya yi ta gudu a ƙasa, daga nan a ba shi na gaske. Saukarsa ta farko ita ce darasinsa na farko a kan sauka. Sai a 1917 Robert Smith-Barry ya kafa tsari a Gosport da ke Ingila, inda malami da ɗalibi ke zama a jirgi mai sandunan tuƙi biyu, suna magana ta cikin bututu, ana jefa ɗalibi cikin sarewa da juyi da gangan don ya koyi fita.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Amurka ta yi gwanjon dubban jiragen Jenny, kuma babu dokar tarayya da ta ce sai mai lasisi zai tuƙa, ko sai an duba lafiyar jirgi. A 1923 Charles Lindbergh ya sayi nasa kan dala 500 a jihar Georgia, alhali bai taɓa tashi shi kaɗai ba. Irinsa da yawa suka bazu ƙauyuka suna ɗaukar mutane yawo a sama don kuɗi, suna sauka a gonakin da ba su taɓa takawa ba.

Shigowar doka da bincike

A Birtaniya, ƙungiyar matuƙa ta Royal Aero Club ta kafa kwamitin binciken haɗurra a 1912, sannan a 1922 gwamnati ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta binciken haɗarin jiragen farar hula. A Amurka, Shugaba Calvin Coolidge ya sa hannu kan dokar sufurin sama ranar 20 ga Mayu, 1926, wadda ta ɗora wa Ma'aikatar Kasuwanci alhakin bai wa matuƙa lasisi, da tantance jirage, da binciken haɗurra.

Wannan tsari ya zo da nasa aibin, domin ma'aikatar da ke kafa ƙa'ida da kula da na'urorin hanya ita ce kuma ke binciken kanta idan an yi hatsari. Aibin ya fito fili a ranar 6 ga Mayu, 1935, lokacin da Sanata Bronson Cutting ya mutu a wani jirgin fasinja da ya faɗi cikin hazo a jihar Missouri. Ma'aikatar ta ɗora laifi kan kamfanin jirgin, kwamitin Majalisar Dattawa kuma ya ɗora shi kan ma'aikatar. Rikicin ya taimaka wajen samar da dokar 1938, wadda ta kafa hukumar bincike ta daban. Daga baya ƙa'idar ta zama ta duniya: Rataye na 13 na Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wanda aka amince da shi a 1951, shi ne ke tsara binciken haɗurra, kuma a yau ya tanadi cewa manufar bincike ita ce hana aukuwar wani hatsarin, ba rabon laifi ba.

Gyare-gyaren da suka biyo baya

Kowane dalili da aka gano ya haifar da gyara. Bajamushe Gustav Lachmann da kamfanin Handley Page na Ingila, kowa ta hanyarsa, sun ƙirƙiro wata tsaga a gaban fiffike a tsakanin 1918 da 1919, wadda ke jinkirta sarewa. A 1927 Asusun Guggenheim na Amurka ya sa gasar dala 100,000 ga jirgin da zai iya gudun kilomita 177 a sa'a, ya kuma iya tafiya a kan kilomita 56 ba tare da ya sare ba, jirgin Curtiss Tanager ya lashe. Asusun ne kuma ya ɗauki nauyin gwajin da James Doolittle ya yi ranar 24 ga Satumba, 1929, inda ya tashi ya sauka a rufe cikin kujerarsa, da na'urori kawai yake aiki.

Birki ya shigo tayoyi, taya ta maye gurbin sandar jela, ɗamara ta zama wajibi. A shekarun 1930 injiniya Fred Weick ya ƙera ƙaramin jirgi mai taya ta uku a ƙarƙashin hanci, abin da ya rage juyawa da dungurawa a ƙasa. Jirginsa Ercoupe, wanda ya fara tashi a 1937, hukuma ta tantance shi a matsayin wanda ƙirarsa ba ta barin sa ya shiga juyin katantanwa.

Dokokin iska dai suna nan yadda suke. Har yau sauka ce matakin da ƙananan jirage suka fi samun hatsari a cikinsa, ko da yake yawancin irin waɗannan haɗurra ba sa cin rai, yayin da sarewar fiffike a kwanar ƙarshe ke cikin waɗanda suka fi kisa. Shi ya sa ɗalibin tuƙi ke shafe sa'o'i yana zagaya fili, yana sauka yana sake tashi, kafin malami ya yarda ya bar shi shi kaɗai a cikin jirgi.